Bidon da Na Fitar daga Shagon Kawu

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa na ga ƙattin maza suna kuka irin wanda ban taɓa zaton suna da ruwansa a ido ba. Wani jandarma mai faɗin rumbun gero ya durƙusa bakin kabari yana share hanci da hularsa, yana cewa Mushe, haka muke kiran malamin boko, shi ne ya hana shi barin lakwal, wato makaranta. Masu gyaran moto, wato babur, na bakin tasha suka rufe rumfunansu yini guda cur, abin da ko ranar salla ba sa yi. Masu garkar albasa suka tsaya gefe guda sun yi cirko-cirko, suna tambayar juna a hankali wa zai ƙara duba musu batir. A cikin gida kuwa wata ungozoma da ta taso tun daga Tawa ta zauna tsakanin mata tana ba da labarin yadda ya taɓa tsayar da ita gaban allo har sai da ta daina tsoron alli.

Mahaifiyata, ƙanwarsa, ita kaɗai ce ba ta yi kuka ba. Ta zauna jikin bango da tasbaha, duk wanda ya yi mata gaisuwa ta amsa, sai can da aka ragu na ji ta ce, kamar da kanta take magana, ya tafi bai gyara abin da ta gaya masa ba.

Ni ne ɗan ƙanwar tasa, dillalin albasa a Madawa. Duk garin an san ni da baki. Ana cewa in na fara labari jakin da ya kwanta ma sai ya tashi ya matso. A zaman makoki na yi abin da na iya, na riƙa ba da labaran Kawu har mutane suna dariya suna share hawaye lokaci guda. Shi ya sa tsofaffin ɗalibansa suka ce ni zan rubuta wani abu a kansa kafin addu'ar arba'in. Barkwanci suke jira, kuma za su samu kaɗan. Amma akwai bido guda, wato jarka, da ya fita daga shagon Kawu ta hannuna da asid a cikinsa, kuma ban ga yadda zan ba da labarin Kawu in tsallake bidon nan ba.

Kawu ya koyar da shimi, ilimin sinadarai, a kwalej: Kaita da farko, sannan Buza, daga baya Madawa. Ɗalibai suka sa masa Mushe Asid, ya kuma amsa. Da ya yi ritaya ya ƙi zama ƙarƙashin bedi yana korar ƙuda, sai ya buɗe ɗan shago jikin gidansa yana haɗa ruwan batir, na motoci da na fanon hasken rana da masu garka ke jan ruwa da shi. Yakan sayo asid mai kauri, wanda ba a tsarma ba, ya tsarma shi da kansa.

Yana da wata ɗabi'a. Komai na gidansa sai ya rubuta masa formil, wato sunansa na shimi. Randar ruwa H₂O. Gwangwanin gishiri NaCl. Gwangwanin sukari kuwa formil ɗinsa ta zagaye shi har ta cim ma wutsiyarta. Na sha faɗa a majalisa cewa da matarsa za ta tsaya wuri guda minti biyar, da ita ma ya zana mata nata a zane. Duk wanda ya saba shiga gidan idonsa ya daina ganin rubutun nan, kamar yadda ba a ganin tsagar bango.

Makullin shagon a wuyansa yake rataye da igiya, dare da rana. Da aka zo yi masa wanka aka cire shi, aka duba wa za a ba. 'Ya'yansa mata ne, duk suna gidajen aurensu. Aka miƙo mini, na jefa a aljihu tare da goro.

Ranar addu'ar uku aminin Kawu ya zo sallama. Bafillace ne makiyayi, tsoho siriri, muna ce masa Baffa. Duk bayan girbi yakan sauke shanunsa a gonar kakanninmu ta wajen Galma, su ci kara su bar taki, ya kawo wa Kawu nono a ƙwarya su zauna su yi ta gardama kan abin da ba ya ƙarewa. Ya yi tafiyar yini biyu a kan jaki don gaisuwar nan. A wurinmu wanda ya zo daga nesa ba ya komawa hannu sake, kuma kayan mamaci in aka fitar sadaka ladan nasa ne. Na duba me zan ba shi da zai yi masa amfani. Wanda bai zauna ƙasarmu ta Adar ba ba zai gane darajar bido ba. A nan bido ba ya tsufa, ba ya hutawa. Ya ɗauki mai, ya ɗauki ruwa, ya zama kujera, in ya fashe a yanka shi kaji su sha ruwa a ciki.

Na buɗe shago. A ƙarƙashin benci na ga wasu shuɗɗa masu kauri, masu murfi mai kyau, irin waɗanda ba a samu a kasuwa. Na ɗaga na farko ya yi nauyi, na ɗaga na ƙarshe na ji shi sakayau, sai ɗan abin da ke motsi a gindinsa. Na ce sauran ruwa ne. Akwai rubutu a jikinsa da farin fenti, na gan shi kamar yadda nake ganin na randa. Na fito da shi gaban jama'a ina ɗaga shi sama, ina cewa ga bidon da zai shayar da shanu dubu har raƙuma su samu na wanka. Aka yi dariya. Baffa ya karɓa da hannu biyu, ya yi addu'a mai tsawo, ya ɗaure shi jikin jaki ya tafi.

Kwana biyu bayan haka wani tsohon ɗalibin Kawu ya iso, shi ke koyar da shimi yanzu a wata lise, babbar sakandare, a Tawa. Bayan gaisuwa ya ja ni gefe ya ce in nuna masa shagon, don kayan ciki ba na bari ba ne. Ya duƙa ƙarƙashin benci ya ce waɗannan ukun su ne masu haɗari, asid ne mai kauri, kada kowa ya taɓa. Matar Kawu tana takaba a ɗakin da ke jikin shagon, ta jiyo mu ta bayan ƙyaure.

Ta ce, "Huɗu ne."

Na ce, "Inna, uku ne a nan."

"Huɗu ne, ɗana. Na ƙarshen ya kusa ƙarewa, ya ce sai ya kashe sauran da kanwa kafin ya san yadda zai yi da shi. Ciwon ya riga shi."

Malamin ya dube ni. Da na gaya masa, bai zage ni ba, na so ma ya zage ni. Tambaya ɗaya ya yi: me mutum ke fara yi da sabon bido? Na ce ya ɗauraye shi. Ya ce to tashi.

Baffa yana da salula, amma rabin shekara a kashe take. Na kira har yatsana ya gaji. Na hau moto na kama hanyar Galma.

A hanyar nan Kawu ya riƙa zo mini, ba a jere ba, yadda ya ga dama.

Na yi shekara ɗaya a ajinsa a Buza, ina zaune gidansa, kuma ban taɓa zama abin alfaharinsa ba. Wata safiya ya rubuta abubuwa huɗu a allo: HCl, HNO₃, H₂SO₄, H₂CO₃. Ya ce na farko yana cikin tumbin kowannenmu yana narka tuwo, na biyu maƙeran azurfa ke gwada ƙarfe da shi, na uku na batir ne, na huɗu shi ke tsikarar harshe a lemun kwalba. Sannan ya tambaya me ya haɗa su. Na ɗaga hannu na ce alli. Ajin ya fashe da dariya. Shi bai yi dariya ba, bai kuma dake ni ba. Ya sa ni na fito na ɗora yatsa a kan harafin farko na kowanne, na tsaya haka har aka tashi, hannuna ya mutu.

Ina tsaye ya yi darasin a kaina. Ya ce harafin nan, H, da Faransanci ake kira ash, shi ne idirojen, ƙaramin duk abubuwan da Allah ya gina duniya da su. Ya ce idirojen Ba'adare ne, ba ya zama gida. Da zarar asid ya shiga ruwa, sai idirojen ya bar ɗan abin da ya mallaka, elektiron ɗinsa guda, a hannun mutanen gida, ya fita cin rani da riga ɗaya. Shi ake rubutawa H⁺. Kuma da yake ya fita ba komai, ba ya iya zama shi kaɗai, duk abin da ya samu sai ya liƙe masa: ruwa, ƙarfe, tsumma, fatar mutum. Tsamin da harshe ke ji shi ne. Cin da asid ke yi wa kwano shi ne.

Wani ya tambaya me ya sa ake zuba binegar a salak amma ba a zuba ruwan batir, alhali duk asid ne. Kawu ya ji daɗin tambayar har ya tafa. Ya rubuta CH₃COOH ya ce mu ƙirga. Idirojen huɗu. Ya ce ukun farko zaunannu ne, na ƙarshen kaɗai ke fita, shi ma ba kullum ba, yawancinsu suna kaiwa bakin gari su juyo. Amma HCl, in ji shi, garin Tamaske ne bayan girbi, ka shiga ka nemi saurayi ɗaya na magani ka rasa. Ɗan Tamaske da ke ajin ya ce ƙarya ne, akwai wansa. Kawu ya ce wansa ƙafa ce ke masa ciwo. Sannan ya rubuta doguwar formil ta sukari, ya nuna mana idirojen ashirin da biyu, ya ce gida ne da rumbu ya cika, ba mai leƙa waje, shi ya sa sukari bai taɓa ƙona kowa ba sai haƙori. Ya rufe da maganar da na ji ta daga bakinsa ya fi sau dubu: "Ba yawansa ba ne, sakinsa ne."

Shekara talatin da wani abu ina ba da labarin nan don a yi dariyar ɗan Tamaske. Sai a kan moto, tsakanin duwatsu, na lura ashe darasin duka yana kaina. Yatsana ya yini a kan harafin nan. Na gan shi a jikin bido da farin fenti, na ɗauka na bayar.

A kasuwar Galma na nufi wajen masu nono. Kullum in na zo sai mun yi ta tsiya, in ce nononsu rabi rijiya ne, su ce albasata ta fi ni hankali. Ranar na yi sallama na tambayi Baffa kai tsaye. Wata tsohuwa ta ƙare mini kallo ta tambaya ko ba ni da lafiya. Suka ce ya biyo shekaranjiya bai tsaya ba, mutanensa sun tashi sun yi arewa, wajen Buza, wani kwari mai rijiyoyi. Wata ta ce ta ga bidon, shuɗi, har ta taya, ya ce kyautar gidan Mushe ce ba ta sayarwa ba.

Na ci gaba. Na tuna faɗan Kawu da mahaifiyata, wanda ya sa ta faɗi maganar nan ranar rasuwa.

Su biyu sun saba gardama. Yakan tsaya mata a madafa in tana miyar yakuwa, ta jefa kanwa tsamin ya kwanta, ya ce ta ga ni, kanwa ta karɓe idirojen ɗin da yakuwa ta saki, ta ba shi masauki. Ya ɗebi ruwan zoɓo ja ya ɗiga masa jiƙaƙƙiyar kanwa ya koma baƙi-baƙi, ya matsa lemun tsami ya dawo ja, yana kallonmu kamar ya yi dabo. Ita kuwa ta ce kakarta ta san haka tun Faransi bai san hanyar Adar ba, ya ba ta wuri tuwo zai kama. Wannan wasa ne.

Wanda ba wasa ba shi ne na shagon. Da ya buɗe shi ta shiga ta ga bido jere da haruffa da lambobi, ta ce ya rubuta musu guba da Hausa, ko da ajami, ko ya zana wani abin tsoro da kowa zai gane. Ya ce formil harshe ɗaya ne a duk duniya, wanda ya yi karatu a Sin da wanda ya yi a Buza abu ɗaya za su karanta. Ya ce in ka rubuta guba ka tsorata mutum kawai, in ka rubuta formil ka gaya masa gaskiyar abin da ke ciki. Ta ce, Yaya, mu ba Sin muke zaune ba, maƙwabtanka ba su shiga ajinka ba. Ya zaro makullin daga wuyan rigarsa ya nuna mata, ya ce ba mai shiga sai shi.

Ta ce, "In ka mutu fa?"

Ya yi dariya. Ta ɗauki mayafinta ta fita, ta yi wata guda ba ta taka gidan ba. Ina wurin. Ni ma dariya na yi, har na riƙa kwaikwayon muryarta a majalisa.

Ina faɗin wannan ne don Kawu ba ya son a yi masa ƙarya, ko ta yabo. Yana da girman kai a kan iliminsa. Ya yarda cewa in dai an rubuta gaskiya daidai, laifin wanda bai karanta ba ne. A aji wannan ya fitar da likitoci da malamai. A unguwa kuwa bai isa ba, kuma ƙanwarsa da ba ta taɓa riƙe alli ba ta fi shi ganin haka.

Amma hannunsa a kan aiki ban ga irinsa ba. In zai tsarma asid sai ya kori kowa har kaji. Ya sa gilashi a ido, ya sa safar roba, ya cika babbar roba da ruwa tukun, sannan ya riƙa ɗiga asid a ciki siriri kamar zare, yana juyawa, yana dakatawa, yana taɓa jikin robar ya ji zafinta. Mai moto na iya tsayuwa a waje yana huci har gemu ya fito masa, Kawu ba zai ƙara sauri ba. Yakan ce asid ke zuwa wurin ruwa, ruwa ba ya zuwa wurin asid. In ka kai ɗan ruwa kan mai kauri, idirojen ɗin duka za su yunƙuro lokaci guda su rufe shi, zafin ya tafasa ruwan nan take, ya tofo maka a fuska.

Akwai ranar da batir ya fashe wa wani mai garka a ƙofar shagon, ya watsa masa a ƙirji da wuya. Mutane suka taru, wannan ya kawo man shanu, wancan ya kawo kanwa, wata ta ce a fasa ƙwai. Kawu, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ture su duka. Ya yage rigar mutumin, ya ja shi bakin randa, ya yi ta kwara masa ruwa. Randa ta ƙare ya sa aka kawo na maƙwabta. Ranar gidaje uku ba su yi girkin rana ba. Ya ce ba abin da ke kwashe idirojen daga fata kamar ruwa mai yawa, a yi ta zubawa har a gaji, sannan a ƙara. Mutumin yana nan da ransa, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Baffa ma yana wurin ranar, ya kawo nono, yana tsaye da sandarsa a kafaɗa yana kallo.

Na kwana gidan wani ɗan'uwa a Buza. Washegari da hantsi, bayan na tambayi duk mai akuya da mai jaki da ke tsakanin duwatsun nan, na gangara kwarin.

Bidon na fara gani. Yana kwance nesa da rijiya, an tula masa ƙaya a kai kamar yadda ake yi wa ramin da ba a so dabba ta faɗa. Na kashe moto.

Baffa yana zaune ƙarƙashin gawo. Ya miƙe ya tarbe ni, ya shimfiɗa mini buzu, ya fara gaisuwa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi haƙuri, ya tambayi mahaifiyata da mai takaba da yara ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo mini ruwa. Ban taɓa jin gaisuwa ta yi mini tsawo haka ba. Sai da ya gama tsaf sannan ya gaya mini.

Jiya da safe ne. Surukarsa, matar ƙaramin ɗansa, ita ta roƙa a ba ta sabon bidon ta fara ɗebo ruwa da shi. Ta je rijiya lokacin da maza ke shayar da shanu. Ta yi yadda kowace mace ke yi: ta tsiyaya ruwa kaɗan daga guga, ta toshe bakin da tafin hannunta na dama, ta girgiza. Ya ce bidon ya yi huci kamar kububuwa, ta saki ƙara ta yar da shi. Allah ya sa fuskarta tana gefe.

Ya ce da ya ji ƙarar ya ga hayaƙi na fita daga bakin bidon, mutumin nan na ƙofar shagon Mushe ya faɗo masa a rai. Ya sa aka kore shanu daga kwamin shan ruwa. Ya sa 'ya'yansa biyu a kan igiya, guga na fitowa yana juye mata a hannu, wani na fitowa yana juyewa. Mata suka rugo da man shanu, ya ɗaga musu sanda. Shanu suna kuka a baya, masu jiran layi suna gunaguni, bai bari dabba ko ɗaya ta sha ba har rana ta take tsaka. Sannan aka ɗora ta a amalanke zuwa ɗakin shan magani na ƙauyen da ke gaba.

Na ce masa ni ne. Na ce ba Kawu ba ne, ba kowa ba ne, ni na shiga na ɗauko, na ji abu na motsi a ciki, na ga rubutun, ban tsaya ba don ina sauri in sa mutane dariya. Ya saurare ni har na gama. Ya ce abin da Allah ya rubuta ne. Na ce Baffa, Kawu ma ya rubuta, ni ne ban karanta ba.

Na goya shi a moto muka je. Tana zaune a kan tabarma a barandar ɗakin maganin, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, da jariri a cinya, hannun a naɗe har gwiwa kamar damin auduga. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ce ruwan nan ne ya ceci hannun, ba don shi ba da wani zance ake yi. Amma tafin ya ci sosai, da yatsu uku. Ko za su riƙa lanƙwasuwa, ba zai iya cewa ba sai nan gaba, kuma gara a kai ta babban asibiti. Da hannun take tatsa. Da shi take daka, da shi take jan guga.

Ba ta dube ni ba, kunya. Ta yi magana ƙasa-ƙasa da Fillanci, uwar mijinta ta juya mini. Wai a ba ni haƙuri, ta ɓata kyautar da aka yi wa gidansu.

Na fita na zagaya bayan ginin. Abin da na yi a can ba na rubutawa ba ne.

Da na dawo Baffa yana tsugune jikin moto yana zane ƙasa da tsinke. Bai ɗago ba ya fara magana.

"Ɗan Mushe, bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Shekara da shekaru ina roƙon kawunka bido irin wanga. Ko sau ɗaya bai ba ni ba. Wata rana gabana ya wanke wani, ya ɗauki wuƙa ya farke shi gida huɗu, lafiyayye, ya jefa rami ya rufe. Ina tsaye. Na ce Mushe, ni fa? Ya ce ba na ruwa ba ne. Na ce a raina rowa ce ta 'yan boko. Na ci abincinsa, ya sha nonona, amma abin yana nan." Ya dafa ƙirjinsa. "Ran da ka miƙo mini, na yi addu'a da baki. A zuciya kuwa cewa na yi, ashe sai da ya mutu gidansa ya koyi kyauta."

Ya yar da tsinken.

"Kai za ka koma Madawa. Ka biya wajensa. Ka ce mishi na gane."

Na biya. Na tsaya a kan kabarin da ƙasarsa ba ta gama kwanciya ba, na yi sallama, na yi addu'a, na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara masa gishiri ba. Ina jin shi ne labari na farko da na taɓa bayarwa haka a rayuwata.

Sauran ukun malamin Tawa ya dawo ya kwashe su da kansa. Yarinyar tana babban asibiti yanzu, ɗakin matata ne masaukin uwar mijinta. Shekaranjiya aka canja naɗin, aka ce ta gwada motsa yatsun. Ɗaya ya motsa. Biyun ba su amsa ba tukun.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda ƙanwarsa ta fi shi sani, ya sa ilimin da ya raba ya zame masa inuwa. Ku kuma da za ku zo ranar arba'in, jandarma da ungozoma da masu garka, in liman ya ɗaga hannu kun gama roƙa wa Mushe, kada ku yi saurin shafawa. Akwai yatsu biyu da nake so ku sa a ciki.